ALAMAR DA ALLAH YA BAYAR DA KANSA

 

Wata rana, ko a gona, ko a bakin rijiya, ko ran kasuwa, maƙwabcinka zai ce maka, "Ku Kirista kuna cewa Allah yana da ɗa. To, wace ce matarsa?" Ko kuwa yaronka ya komo daga makaranta ransa a ɓace, domin abokansa sun yi masa wannan tambaya, shi kuwa ya rasa ta cewa. Me za ka amsa? Idan maigida bai san tushen bangaskiyarsa ba, 'ya'yansa za su tashi da shakka, wanda ya tashi da shakka kuwa, iska kaɗan takan kwashe shi. Saboda haka ka kira mutanen gidanka, ka ɗauko Littafi Mai Tsarki, mu bi maganar tun daga farinta.

SARKIN DA YA ƘI ALAMA

Wajen shekara 734 kafin haihuwar Almasihu, Ahaz, na zuriyar Dawuda, yana sarautar Yahuza a Urushalima. Sarakuna biyu suka gama kai don su yaƙe shi, wato Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila. Niyyarsu su tuɓe shi su naɗa nasu mutum. Tsoro ya kama sarki da talakawansa duka.

Allah ya aiki Annabi Ishaya ya faɗa masa ya kwantar da hankalinsa, gama shirin nan ba zai yi nasara ba. Har Allah ya ba shi dama ya roƙi kowace irin alama da yake so. Ahaz ya ƙi. Ya yi kamar mai tsoron Allah, wai ba ya so ya gwada Ubangiji. Amma zuciyarsa tana wani wuri. Ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya aika wa Tiglat-filesar, Sarkin Assuriya, don ya zo ya cece shi (2 Sarakuna 16:7-8).

Duk da haka Allah ya ba da alama da kansa, ya kuwa ba da ita ga gidan Dawuda gaba ɗaya. Alamar ita ce, wata budurwa za ta ɗauki ciki, abin da za ta haifa namiji ne, sunansa kuwa Immanuwel, ma'anarsa Allah yana tare da mu (Ishaya 7:14).

Wani sashi na maganar Ishaya ya cika tun a zamanin nan. Dimashƙu ta faɗi a shekara ta 732, Samariya kuma a 722, maƙiyan nan biyu suka shuɗe. Amma ka buɗe Ishaya 9:6-7. A can annabin ya ƙara bayani a kan wani yaro da za a haifa, wanda za a kira shi da sunan Allah kansa, wanda mulkinsa a gadon Dawuda ba zai ƙare ba. Hezekiya ɗan Ahaz sarkin kirki ne, amma ya mutu aka binne shi. Sarakunan da suka biyo bayansa ma haka. Sai masu bangaskiya suka yi ta jira, tsara bayan tsara, fiye da shekara 700.

KO DAGA BAYA AKA ƘARA MAGANAR?

Waɗansu sukan ce Kirista ne suka sāke Littafi don ya dace da Yesu. Ga amsa.

A shekara ta 1947 waɗansu makiyaya Larabawa suka iske tuluna a cikin wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikin tulunan akwai naɗaɗɗun littattafai na fata. Ɗaya daga ciki littafin Ishaya ne, tun daga sura ta 1 har ta 66, tsawonsa ya ɗara mita 7. Masana sun bincika, sun ga an rubuta shi fiye da shekara 100 kafin a haifi Yesu. Yana nan ajiye a Urushalima. Maganar Immanuwel tana ciki, maganar Bawan Allah mai shan wuya ta sura 53 ma tana ciki. Sa'ad da mai rubutun nan yake aikinsa, ba ko Kirista ɗaya a duniya. Gani ya kori ji.

Waɗansu kuma sukan ce kalmar Ibrananci da Ishaya ya mora, wato "alma", ma'anarta yarinya ce wadda ta isa aure. Gaskiya ne kalmar tana da wannan ma'ana, kamar yadda mu ma muke ce wa yarinyar da ba ta yi aure ba budurwa. Amma tun kafin zuwan Yesu, malaman Yahudawa a ƙasar Masar sun juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci. Da suka zo wannan aya, sai suka zaɓi kalmar "partenos", wadda aka fi mora don macen da ba ta san namiji ba. Wannan juyi ne Matiyu ya bi sa'ad da ya rubuta Bishararsa.

YADDA ALAMAR TA CIKA

Shari'ar Musa ta ce a tabbatar da magana ta bakin shaidu biyu ko uku. Allah ya ba mu biyu. Matiyu ya ba da labarin ta gefen Yusufu, Luka likita kuwa ta gefen Maryamu.

Maryamu yarinya ce ta Nazarat, wani ƙaramin gari a ƙasar Galili. An riga an ba da ita ga Yusufu masassaƙi, amma ba ta tare ba tukuna. Mala'ika Jibra'ilu ya zo ya sanar da ita za ta haifi ɗa. Kada ka zaci mutanen dā ba su san yadda ake samun ciki ba. Maryamu ta sani sarai, shi ya sa ta tambayi mala'ikan yadda abin zai yiwu, tun da ba ta san namiji ba. Ya amsa mata cewa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, da ikon Maɗaukaki (Luka 1:26-38).

Yusufu ma ya sani. Da ya ga cikin ya bayyana, ya san ba nasa ba ne. Ka sa kanka a matsayinsa. An yi baiko, dangi sun sani, gari ya sani, sai ga wannan. Bisa ga Shari'a, wadda aka yi wa baiko ta ci amana, hukuncinta jifa ne (Maimaitawar Shari'a 22:23-24). Amma Yusufu adali ne mai tausayi. Ya yi shawara ya rabu da ita a ɓoye don kada ya tone mata asiri. Sai mala'ika ya zo masa a mafarki ya bayyana masa asalin cikin, ya umarce shi ya ɗauko matarsa, ya raɗa wa yaron suna Yesu, domin shi ne mai ceton mutanensa daga zunubi. Yusufu ya yi biyayya. Bai kuwa kusance ta ba sai bayan da ta haihu (Matiyu 1:18-25).

GARIN DA AKA AMBATA TUN DĀ

Annabi Mika ya yi zamani ɗaya da Ishaya. Shi ne ya faɗi sunan garin da Mai Mulkin zai fito, wato Baitalami ta Yahudiya, garin Dawuda (Mika 5:2). Amma Maryamu tana Nazarat, can arewa. Tsakanin garuruwan nan biyu tafiya ce ta wajen kilomita 140, ta fi nisan Maradi zuwa Tasawa, ba mota, ba kwalta. Me zai tā da mace mai tsohon ciki ta yi wannan tafiya?

Augustas, Sarkin Roma, ya ba da doka a ƙidaya mutane, kowa ya tafi garin kakanninsa a rubuta shi. Augustas bai san Mika ba, bai kuwa san Maryamu ba. Harajinsa yake nema. Amma dokarsa ce ta kai su Baitalami daidai lokacin haihuwa (Luka 2:1-7). Da masana daga gabas suka zo Urushalima suna cigiyar jaririn, Sarki Hirudus ya tara malaman Attaura ya tambaye su inda za a haifi Almasihu. Ba su yi wata gardama ba, suka nuna masa littafin Mika.

ALAMU DA YAWA, MUTUM ƊAYA

A ce an aike ka tasha ka taryi baƙon da ba ka taɓa gani ba. Idan aka ce maka dogo ne kawai, za ka ruɗe, gama dogaye suna da yawa. Amma idan aka faɗa maka garinsu, da sunan ubansa, da irin zanen fuskarsa, da launin rigarsa, da tabon da ke hannunsa, ba za ka kama wani dabam ba. Haka Allah ya yi mana da Almasihu.

1. Zai fito daga zuriyar Ibrahim, ta wurinsa dukan al'ummai za su sami albarka (Farawa 22:18).
2. Daga kabilar Yahuza (Farawa 49:10).
3. Daga gidan Dawuda (2 Sama'ila 7:12-16).
4. Budurwa za ta haife shi, a Baitalami.
5. Zai shiga Urushalima a kan jaki (Zakariya 9:9).
6. Za a yi cinikinsa a bakin azurfa 30 (Zakariya 11:12).
7. Za a raba tufafinsa, a yi kuri'a a kan rigarsa (Zabura 22:18).
8. Za a soke shi saboda laifin waɗansu, a binne shi wurin mai arziki (Ishaya 53:5-9).
9. Jikinsa ba zai ruɓa a kabari ba (Zabura 16:10).

Mutum yana iya neman jaki ya hau. Amma wa ya taɓa zaɓen kakanninsa, ko garin da za a haife shi? Manyan firistoci ne suka yanka wa Yahuza Iskariyoti kuɗin. Sojan Roma ne suka yi kuri'ar, su da ba su san Zabura ba. Maƙiyansa da kansu suka cika abin da aka rubuta.

DON ME SAI TA WURIN BUDURWA?

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun yarda Maryamu ta haifi Isa Almasihu ba tare da namiji ba, akwai kuma sura guda a Alƙur'ani mai sunanta. A kan wannan ba mu da gardama da su. Tambayar da ta rage ita ce, don me Allah ya yi haka?

Dukanmu 'ya'yan Adamu ne, mun kuwa gāji halinsa (Romawa 5:12). Ba wanda ya koya wa ɗanka ƙarya ko rowa, da kansa ya iya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutum biyu da suka faɗa rijiya ɗaya, ɗaya ba ya iya fid da ɗaya, sai wanda yake bisa ya sauko da igiya. Wanda bashi ya ci gonarsa ba ya iya fansar gonar ɗan'uwansa. Muna bukatar Mai Ceto wanda yake mutum sosai, don ya tsaya a madadinmu, wanda kuma ba shi da bashin zunubi na kansa. Daga Maryamu Yesu ya ɗauki jiki irin namu. Ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka. Ta wurin Ruhu Mai Tsarki kuwa ya zo da tsarki, marar aibi.

Yanzu ga amsar tambayar nan ta bakin rijiya. Allah ba shi da mata, faufau. Littafi Mai Tsarki bai taɓa koyar da haka ba, Kiristan gaske kuma ba ya faɗar haka. Ko a Hausa, in an ce ɗan Damagaram ko ɗan kasuwa, ba wanda yake tsammani gari ko kasuwa sun yi aure. Sa'ad da muka ce Yesu Ɗan Allah ne, muna nufin shi ne Kalman Allah wanda yake tare da Allah tun fil'azal, ɗaya yake da shi, ya kuwa zama mutum ya zauna a cikinmu (Yahaya 1:1-14). Ba a Baitalami ya fara kasancewa ba. A can ne ya shigo duniyarmu. Maryamu kuwa muna girmama ta, mai albarka ce, amma ba ma yin addu'a gare ta, gama ita ma ta kira Allah Mai Cetonta (Luka 1:47).

TO, KAI FA?

Na fari, kada ka zama kamar Ahaz. Bakinsa yana ambaton Allah, hannunsa yana miƙa dukiya ga wani mai ceto dabam. Ƙarshensa Assuriyawan da ya kira suka zame masa kaya, Yahuza ta koma biyan gandu. Idan ruwa ya yi jinkiri, ko yaro ya kwanta ciwo, ina kake nufa? Wurin boka? Wurin 'yan bori? Akwai laya a ɓoye a cikin rumbunka? Ka kai marar lafiya asibiti, ka yi addu'a, amma kada ka raba zuciyarka biyu. Tsofaffinmu da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 suna iya gaya maka cewa Immanuwel bai yashe su ba.

Na biyu, ka yi koyi da Yusufu. Idan abin kunya ya auku a gida ko a cikin ikkilisiya, kada ka yi gaggawar tonon asiri. Ka nemi nufin Allah tukuna, ka gama gaskiya da jinƙai.

Na uku, ka koya wa 'ya'yanka. Uwargida, wannan aikinki ne ke ma. Bayan tuwon dare ku karanta alama ɗaya daga jerin nan, ku nemi inda ta cika a Sabon Alkawari. Cikin kwana tara kun gama. In maƙwabci ya yi tambaya, ku amsa da ladabi da tawali'u, ban da faɗa (1 Bitrus 3:15).

Na huɗu, ka tuna saura alkawari ɗaya. Yesu ya ce zai komo ya yi wa duniya shari'a. Allah da ya cika na fari bayan shekara 700 ba zai manta da na biyu ba. Kome nisan dare, gari zai waye. An haife ka a gidan Kirista, amma wannan bai isa ba. Kai da kanka ka karɓi Yesu? Idan ba ka yi ba, kana iya yin addu'a yanzu kamar haka:

"Ya Ubangiji Yesu, na gaskata kai ne wanda annabawa suka yi maganarsa. Ni mai zunubi ne, ba na iya ceton kaina. Na gode da ka zo duniya, ka mutu saboda ni, ka tashi daga matattu. Ka gafarta mini, ka zauna tare da ni da gidana har ranar komowarka. Amin."

Idan ka yi wannan addu'a, ko kana da sauran tambaya, ka tafi wurin fasto ko mai bishara na kusa da kai. In ka gama karantawa, ka miƙa wa wani takardar nan, ka kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba mu alherinsa.