Tsoron da aka koya

Tun bayan rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da yawanmu a nan Ibadan in hayaniya ta tashi a titi sai gabanmu ya faɗi, mu fara jawo ƙofar shago. Wasu har kunyar hakan suke ji. To, laifi ne?

Masana irin su Joseph LeDoux na Jami'ar New York a Amurka sun daɗe suna nazarin irin wannan tsoro a jikin ɓeraye. Sukan kaɗa wa ɓera wata ƙara, su biyo ta da ɗan jan lantarki a ƙafa. Ba a daɗewa, ƙarar kaɗai ta isa ya ƙame. Wani ɗan yanki a cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, shi ke ɗaure ƙarar da zafin. In aka lalata shi, ɓera ba ya koyon wannan tsoro. Wani yankin kuma, hifokamfas, shi ke riƙe wurin da abin ya faru. Mu ma Allah ya yi mu da su. Dama Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Faɗuwar gaba halitta ce, babu laifi a ciki.

Amma akwai sauran zance. In aka yi ta kaɗa ƙarar babu lantarki, ɓera yakan daina ƙamewa. Tsohon tsoron yana nan, yakan ma dawo bayan kwanaki. Gaban ƙwaƙwalwa ne ya koyi sabon darasi, yake danne shi. Ɓeran da bai sake jin ƙarar ba kuwa, da tsoronsa zai zauna.

A nan ne namu alhakin yake. In muka kulle kanmu a Sabo, muna gaya wa yara cewa kowane Bayarabe maciji ne, mun gadar musu da tsoron saran da ba a yi musu ba. Mu ba su labarin Shasha da gaskiyarsa, kada a ɓoye komai. Sannan mu aike su wurin Bayarabiyar da ke sarin tumatir a hannunmu shekara da shekaru, su gaishe ta, su karɓo cikon kuɗi, su dawo lafiya. Gobe ma su koma.

Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.