Wuƙar da aka ɗauko daga kushewa

Ina da wani fili a rediyo daren Asabar, inda nake ba masu saurare labaran littattafan ƙetare da Hausa. Wani mako na ɗauko The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda kashinsa na farko ya fito a 1954. Na kai inda Frodo da abokansa uku suka faɗa hannun fatalwa cikin wata tsohuwar kushewa, Tom Bombadil ya cece su, ya kwaso dukiyar ciki ya zube a kan ciyawa, ya ba kowannensu wuƙa. Da aka buɗe layin waya, sai wani dattijo ya kira, ya ce: "Ɗana, wato su in sun kwashe kayan kabari jarumai ne, mu in mun tona ɓarayi?"

Na san inda ya dosa. A 1975 aka gano tsohuwar maƙabartar Bura a jihar Tilaberi, nan Nijar, kuma a 1983 Boubé Gado ya jagoranci tonon bincike a wurin, aka samu ɗaruruwan tulunan binne mamata da mutum-mutumin yumɓu. Da labari ya kai Turai, sai dillalai suka sauko da kuɗi, manoma suka ɗauki diga. Ɓarnar ta kai har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari.

A daren na yi ta kame-kame. Daga baya na sake karanta babin, ina tambayar abin da mai tonon kayan tarihi zai tambaya. Ina gawar ta fuskanta? Wuƙar tana hannunta ko ƙarƙashin kanta? Me ke sama, me ke ƙasa? A wurin masu wannan ilimi, inda abu yake kwance shi ne bakinsa. Tulun da aka tumɓuke aka sa a buhu ya zama bebe, ko da bai tsage ba.

Tolkien ya san haka, domin a 1932 an buga bayaninsa kan sunan wani gunki, Nodens, cikin rahoton tonon Lydney a Ingila. Shi ya sa kushewarsa ke da mai shaida. Tom ya girmi duk wanda ke kwance a ciki. Ya ɗauki wani ƙarfen ado mai shuɗin duwatsu, ya yi shiru yana tuna matar da ta taɓa maƙala shi. Ya gaya wa yaran waɗanda suka ƙera wuƙaƙen da maƙiyin da aka ƙera su dominsa. Kayan sun fito tare da labarinsu.

Mu ba mu da Tom. Mutanen Bura ba su bar mana rubutu ba. Ƙasar da ta rufe su kaɗai ta san yadda suka rayu. Wanda ya hargitsa ta ya kashe shaida, kuma shaidar ta jikokinsa ce.

Duk da haka ba na iya ɗora wa manomi dukan laifin. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, aka nuna masa kuɗi, ai ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai ɗakin baje koli da ya saya ya san abin da aka lalata fiye da mai digar.

Mako na gaba na faɗi wannan a iska. Dattijon ya sake kira, ya ce a ƙauyensu akwai wani tudu da ba a taɓa ba tukuna. Ya tambaye ni wa za su kira.