Haƙƙin wanda ke zaune a gefen direba

A tsaunukan Eifel na yammacin Jamus akwai wata hanyar tseren motoci da ake kira Nürburgring, wadda aka buɗe a 1927. Ɓangarenta na arewa ya kai kusan kilomita 21, da kwanoni fiye da 70, da hawa da gangara a tsakiyar daji. Shahararren direban nan ɗan Sikotilan, Jackie Stewart, shi ya yi mata laƙabi da koren jahannama. A wasu ranaku akan buɗe ta ga kowa: in kana da lasin da mota mai lafiya, sai ka biya kuɗin zagaye ka shiga. Idan sanyin hunturu ya ja baya, itatuwa suka fara toho wajen Maris da Afrilu, masu son mota sukan yi tururuwa zuwa can, musamman ranar Juma'ar da ke gabanin Ista.

Cikinsu akwai ma'aurata da suka fito hutu. Mu ɗauka miji da mata ne suka yi shekara suna tara kuɗi, suka ɗauki hutun mako guda, suka bi kwarin kogin Mosel suna kallon gonakin inabi da tsofaffin garuruwa. A rana ta uku sai maigida ya ce ai ga Nürburgring nan kusa, zagaye ɗaya kawai yake so, minti goma ne ko sama da haka kaɗan. Ita kuma ta ce to. Shin wannan "to" ɗin ta wadatar?

Mu fara da hujjar maigida, domin yana da ita. Baligi ne, motarsa ce, kuma sha'awa tana cikin abin da ke sa rayuwa ta yi armashi. Mutumin da ya shekara yana bin cunkoson hanyar ofis yana da haƙƙin ya ji yadda motarsa take idan aka sake mata linzami. Ƙari a kan haka, ya kai gudunsa inda aka tanada domin gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma da yawansu masu tafiya ne a ƙasa ko a kan keke da babur. Mu da muka saba ganin samari suna wasan mota a titi ranar biki, yara na tsaye a bakin kwalta suna ihu, mun san darajar mutumin da ya nemi wuri mai shinge. A can duk motoci hanya ɗaya suka nufa, ba mai tsallaka titi, kuma kowa ya san abin da ya shigo yi.

Sai dai hujjar ta tsaya ne a kan direba. Wanda ke riƙe da sitiyari yana da birki a ƙarƙashin ƙafarsa, yana ganin kwana ya yanke shawara, kuma daɗin gudun nasa ne. Wadda ke gefensa ba ta da komai sai bel ɗin da ta ɗaura. Idan mota ta ƙwace, ƙarfen shinge ba ya tambayar wa ke tuƙi. Kenan sun raba haɗari daidai, amma iko duk yana hannun mutum ɗaya, kuma duk inda aka yi irin wannan rabo, nauyin da ke kan mai iko ya ninka.

Za a ce ai ta yarda. To amma mun san yadda yarda take a cikin aure. Akwai "to" ta son rai, akwai ta kara, akwai ta gudun kada a ɓata hutun da aka sha wahalar tara wa kuɗi. Mace tana iya amsawa domin ta ga idon mijinta ya yi haske irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Hanyar gane ta gaskiya ita ce a duba me zai biyo baya in ta ce a'a. Idan abin da zai biyo baya shi ne ɗaure fuska har a koma gida, to ba zaɓi aka ba ta ba.

Ko da ta sauka ta tsaya a bayan shinge, lissafin bai ƙare ba. A wannan hanya wanda ya daki shinge shi ke biyan kuɗin gyaransa da na motar da za ta janye tasa, kuma kamfanonin inshora da yawa sun cire wurin daga abin da suke ɗaukar nauyi. Motar da za ta lalace ita ce za ta mayar da su gida. Idan ya karye, ita ce za ta zauna jinya a ƙasar da wataƙila ba ta jin yarenta. Tun ranar da mutum ya yi aure, lafiyarsa ta zama jarin mutum biyu, in akwai 'ya'ya kuma ta zama ta gida duka.

Wannan ba ya nufin a hana shi. Auren da kowace sha'awa sai an binne ta saboda tsoro yakan zama kurkuku, kuma wanda aka hana a fili yakan yi a ɓoye. Abin da muke nema shi ne a iya tsayawa, kuma tarihin wannan hanya yana da darasi a kai. A ranar 1 ga Agusta 1976, Niki Lauda, zakaran duniya a lokacin, ya yi haɗari a nan, motarsa ta kama da wuta, ya ƙone a fuska da kai. Bayan makonni shida ya dawo tsere a Monza ta Italiya ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe na shekarar a Fuji ta Japan, ana tsuga ruwan sama, ya yi zagaye biyu ya ajiye motar domin ya ga haɗarin ya wuce hankali. Da haka James Hunt ya ƙwace kambun da ratar maki ɗaya. Ba wanda zai kira Lauda matsoraci. Idan wanda tsere ne sana'arsa ya iya barin kambun duniya, wanda ya biya kuɗin zagaye ɗaya domin nishaɗi ba shi da uzurin ƙin ɗaga ƙafa daga totur. Su kansu masu wurin sun hana auna lokacin zagaye a ranakun da aka buɗe wa jama'a, domin sun san agogo ke sa mutum ya wuce iyawarsa.

Saboda haka muna ganin abu uku ne haƙƙin wanda ke gefe. A faɗa masa gaskiyar haɗari da ta kuɗi tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya iya cewa a'a ba tare da an yi masa horo da shiru ba. In kuma ya shiga motar, kalmarsa ta "rage" ta zama birki, ba gardama. Haka hukuncin yake idan uwargida ce mai son gudu, maigida kuma yana zaune a gefe yana danne tsoronsa saboda kada a ce ya gaza.

Hutu na mutum biyu ne, kuma kwana bakwai ne. Minti goma na gudu suna da wuri a cikinsa matuƙar an shiga da yardar da ba kara a cikinta, an kuma fito da mota da lafiyar da za a ƙarasa sauran kwanakin.