Makullin da Ke Cikin Jinin Jariri

Iyayen da ke renon mai ciwon sikila, a Inkil ko a wata unguwa ta Bauchi, sun san wannan: jaririn yakan yi watanninsa na fari lafiya ƙalau, sai wajen wata na 6 kumburin hannu da kukan dare su soma. Dalili kuwa shi ne, ɗan da ke ciki yana da nasa irin sinadarin jini wanda sikila ba ta da iko a kansa. Bayan haihuwa sai wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ta rufe shi, na manya ya karɓi aiki, cutar ta bayyana.

A 2008 masana a Boston ta Amurka suka gane aikin wannan ƙwaya. A 2015 suka ɗauki CRISPR, wato almakashin yanka ƙwayoyin halitta, suka yi ta gutsura kaɗan-kaɗan har suka gano ainihin gurbin da ke kunna ta. Daga nan aka sami maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023.

Waɗansu masu bi suna tsoro, wai mutum ya shiga hurumin Mahalicci. Tsoron yana da tushe, gama a 2018 wani masani a Sin ya taɓa ƙwayoyin 'ya'yan da ba a haifa ba, aka kuwa ɗaure shi. Amma wannan dabam ne. Likitoci ba su ƙago sabon jini ba; ƙofar da Ubangiji ya gina tun cikin mahaifa suka sāke buɗewa. Zabura 139 tana yabon wannan gini, Bulus kuma bai ji kunyar kiran Luka likita ba.

Sai dai an sa wa maganin dala miliyan 2.2 a Amurka, kuɗin da baikon ikkilisiya na shekaru ba zai haɗa ba. Abin da ke hannun iyalin Inkil shi ne gwajin jini, a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko wani asibiti, tun kafin a kai kayan tambaya, ba bayan an sa rana ba. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4. Inda kuma yaron ya riga ya zo, ba zunubin uwa ba ne, ba maita ba ce. Gidan sauro yake bukata, da ruwan sha isasshe, da matan zumunta da za su kwana da uwarsa a asibiti.