Wanda Bai Yarda Akwai Allah Ba, Yana da Rabo a Sha'anin Ruhi?

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune wajen mai shayi a bakin titin Lokoja, sai wani dattijo maƙwabcina ya ja ni gefe. Muryarsa na rawa ya ce, "Malam, yaron nan nawa da ya gama jami'a ya bar salla. Na tsare shi, ya ce shi bai yarda akwai Allah ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai in ya zauna da dare yana kallon taurari, yana samun natsuwar da ko a masallaci bai taɓa samu ba. Wannan hauka ne ko rainin wayo?" Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu." Da izininsa nake rubuta wannan, ba tare da suna ba, don na tabbata ba gidansa kaɗai abin ya shiga ba.

Mu fara da sanin cewa maganar ba yau ta fara ba. Malaman da suna kiran irin waɗannan mutane dahriyya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ambace su a littafinsa Munƙiz cikin rukunan masana falsafa uku: su ne masu cewa duniya tun fil'azal haka take, ba wanda ya yi ta. A littafin nan kuma ya faɗa da bakinsa cewa shi ma ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka kafin Allah ya yaye masa. A zamaninmu kuwa, kowa ya ji labarin Mubarak Bala na Kano. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 kan rubuce-rubucensa a Facebook, kotu a Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, aka sake shi a 2024.

To, tambayar ita ce: wanda ya musanta Mahalicci zai iya jin abin da muke kira natsuwar ruhi, ko ƙarya yake yi?

Na nemi yaron muka zauna. Na ce ya bayyana mini abin da yake ji. Ya lissafa abu uku: mamakin girman sararin sama, kwanciyar zuciya idan ya yi shiru shi kaɗai, da tausayin da kan kama shi in ya ga wani cikin wahala. Gaskiya ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Koyarwar Buddha ba ta ginu a kan Mahalicci ba, amma mabiyanta sun shafe fiye da shekara 2,000 suna horar da zuciya da zaman shiru. A Amurka wani mulhidi, Sam Harris, ya fitar da littafi a 2014 kan neman wannan natsuwa ba tare da addini ba. Saboda haka in muka ce wa yaron ƙarya yake, mun rasa shi tun a kalmar farko, domin shi ya san abin da ke zuciyarsa.

Ni a wurina, abin da yake ji shi ne fiɗira, wato halittar asali da aka yi ɗan Adam a kanta. Mutum yana iya cewa babu rijiya a gari, amma wannan ba zai hana shi jin ƙishirwa ba.

Inda muka rabu da shi, wajen godiya ne. Na ciro takardar naira 20 na nuna masa hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya, 'yar garin nan da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Na ce, mutum zai iya ganin tulunta ya ji ya burge shi ko bai taɓa jin sunanta ba, kuma burgewar ta gaske ce. Amma ranar da zuciyarsa ta cika har yana son ya ce na gode, wa zai ce wa? Haka in ka zalunci wani ya mutu ba ku yafi juna ba, ina za ka kai nadamarka? Mai imani yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kai kuwa kana da jin abin, ba ka da inda za ka miƙa shi.

Bai yarda ba. Ya ce, "Kawu, ni mamakin kaɗai ya ishe ni, ba sai na gode wa kowa ba." Sai kuma ya jefo mini tasa: "Mutum nawa ka sani da ba sa rasa sahun farko, amma suna tauye mudu ran kasuwa? Su ina ruhinsu?" Wallahi na yi shiru. Domin in har ana samun mai natsuwa marar imani, to ana samun mai salla da zuciyarsa ta bushe ƙayau. Kuma ina zargin irin wannan na biyun ne ke kora mana yara fiye da duk wani littafin Bature.

Amsata ke nan: e, zai iya ji, kuma abin da yake ji ba ƙarya ba ne. Amma a fahimtata ta Musulmi, farkon hanya ya tsaya ya ɗauka ya iso.

Da na koma wajen uban, abu ɗaya na roƙe shi: kada ya kore shi, kada kuma ya tara masa jama'a. Kurkuku bai sauya wa Mubarak Bala ra'ayi ba. Yadda ya shiga haka ya fito. Zuciya ba ta karɓar imani da sanda. Mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Zariya suka zauna cikin Gbagyi da Bassa da Ganagana, muna cin kasuwa ɗaya da Kirista da mai addinin gargajiya, ai bai kamata a koya mana zama da wanda muka saɓa da shi ba, balle ɗan cikinmu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi ma yaron na gaya masa: shakkarka tsakaninka da zuciyarka ce, amma zagin abin da uwarka take tashi cikin dare dominsa, wannan ba ilimi ba ne, rashin tarbiyya ne. Ya ce ya ji.

Har yanzu bai koma salla ba. Amma a gida yake cin tuwo, shi ke kai uban asibiti a babur, uban kuma kullum yana sa shi a addu'a. Mu ma mu taya shi. Allah ya shirye mu da zuriyarmu baki ɗaya, amin.