Wa Ya Ba Ku Mabuɗin Zukatan Mutane?

Wata muguwar ɗabi'a tana yaɗuwa a Abuja: a kalli mutum sau ɗaya, a ce an san abin da ke ransa, a yanke masa hukunci a bakin titi. Zalunci ne, ko an lulluɓe shi da rigar kishin addini ko ta tsaron unguwa.

A watan Yunin 2022, a Lugbe, gardama ta haɗa wani ɗan sintiri da wani malami. Aka ce ya yi ɓatanci, taro ya rufar masa, aka kashe shi, aka banka masa wuta. Cikin taron nan, mutum nawa ne suka ji abin da ya faɗa da kunnensu? Wa ya tambaye shi me yake nufi?

A 2023 kuma jita-jitar satar mazakuta ta tashi daga wajen Gwagwalada ta cika birnin. Gaisawa kawai ta isa a lakaɗa wa baƙo duka. Kwamishinan 'yan sanda na lokacin, Haruna Garba, ya bayyana cewa likita ya duba masu ƙorafin ya same su lafiya lau, aka kai su kotu saboda ƙarya. To, wa ya biya waɗanda aka farfasa wa kai?

Za a ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ashe mugu yana da kama? Fuskar da kuka ga ta ɗaure a motar Nyanya, wataƙila ta magidanci ce da mai gida ya ba wa'adin tashi. Wanda ya kasa amsa tambayarku, wataƙila jiya ya sauka a tasha, bai iya harshenku ba. Usama bin Zaid sahabi ne, amma da ya kashe wanda ya furta kalmar shahada bisa zaton tsoro ne ya sa shi, Manzon Allah (SAW) ya tsawata masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Kun fi Usama ne?

Garin nan na baƙi ne. Idan aka ci gaba a haka, sallama za ta zama abin tsoro, a ga mutum ya faɗi a titi a kauce masa. Wanda ake bi bashi zai kawar da mai binsa da ihu ɗaya. Yara za su tashi sun saba da ganin taya da fetur. Ranar da ɗanka zai ɓata hanya a Kubwa ya tsaya tambaya, wannan taron ne zai amsa masa.