Bashin da ke cikin memwar

Duk memwar ɗin da aka ɗaure a shagon fotokopi, za ka tarar da sunan ɗalibi da na malamin da ya duba aikin a bangonsa. To amma ku buɗe ciki. Ɗalibin aikin gona na Maraɗi da ya ƙirga itatuwan gawo a gonakin da ake sassabin zamani, wa ya nuna masa reshen da ake bari da wanda ake sarewa? Manomi ne. Ɗalibar kiwon lafiya da ta yi bincike a kan yaye, uwaye ne suka zauna mata awa guda da goyo a baya. Namu na ilimin harsuna ma ya fi fitowa fili, don kayan aikinmu duka daga bakin mutane suke fita. Tsohuwar Adar da ke cewa "hwari" inda Bakano zai ce "fari", ita ce babi na uku sukutum. A takarda kuwa ta koma "mai ba da bayani ta 4, shekara 70, ba ta yi lakwal ba".

Tambayata ita ce: wannan tsohuwa tana bin mu bashi ko kuwa a'a?

Wasu abokai suna cewa ai an biya, tunda an kai goro da sukari, wani lokaci har da jika guda. Wasu kuma suna cewa magana ba ta da mai ita, ba tsohuwar ta ƙirƙiro Hausar Adar ba, gadonta ta yi. Kuma ɗalibi ne ya kwana yana sauraren abin da ya ɗauka, ya rubuta, ya tsara, ya fito da ƙa'idar da ita kanta ba ta san tana bi ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban kira abin sata ba. Amma goro tukuicin zama ne kawai. Abin da aka ɗauka ya zama digiri, digirin kuma mutum ɗaya ya samu.

Sa sunanta a shafin godiya ma ba ya warware matsalar, wani lokacin cutarwa ce. Wanda ya yi bincike a kan rikicin gonar gado, ko asalin bauta a wani gari, ko cikin shege, in ya bayyana sunan wanda ya yi masa magana ya jefa shi cikin fitina, shi kuwa ya koma Yamai abinsa.

A ganina bashin yana wani wuri dabam. Mun yi tambaya da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamashek, mun rubuta amsa da Faransanci, mun kare ta da Faransanci gaban malamai uku, an aje ta a kanta. Daga farko har ƙarshe babu inda mai maganar ya samu damar cewa "ba haka na ce ba". Malaman da ke gabanka ranar kare memwar suna iya gyara maka hanyar bincike da jerin littattafai, amma babu ko ɗaya cikinsu da ke zaune a tabarmar ran da aka yi hirar.

Akwai labarin Jean Rouch da ya kamata kowane mai shirin fita bincike ya sani. A farkon shekarun 1950 ya ɗauki fim ɗin farautar dorina da Sorkawa ke yi a kogin Kwara, wajen Ayoru. Da ya gama haɗa shi bai tsaya a Faransa ba, ya komo ya nuna wa mutanen da ke ciki. Suka kalla, suka ce kiɗan da ya sa a kan farautar bai dace ba, don a wurinsu kiɗa ƙara wa dorina ƙarfin zuciya yake. Babu wani masani a Paris da zai gano wannan kuskure. Kun ga ke nan komawar ba kyautatawa ce kawai ba, tana cikin aikin neman gaskiyar kansa. Wanda bai koma ba bai san ko abin da ya rubuta daidai ne ba, maki 16 da aka ba shi kuwa bai shaida komi a kan haka ba.

Na san abin da za a ce: kuɗin mota fa? Lokaci fa, ga yajin aiki ya ci rabin shekara, ga burs ba ta fito ba? Shi ya sa ba na cewa a fassara shafi sittin. Shafi biyu sun isa, da harshen da aka yi hirar, a karanta a zauren mai gari, ko a aika saƙon murya ta WhatsApp ga wanda ya yi maka jagora ya kunna musu. Sharaɗin dai a yi shi kafin ranar karewa, lokacin da gyara ke da amfani. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ɗalibi nawa ne cikinmu zai iya bayyana sakamakon bincikensa da ita minti biyar ba tare da ya fake da Faransanci ba? Wanda ya gwada zai gane inda shi kansa bai fahimci abin da ya rubuta ba.

Wuri mai wuya shi ne in ka koma suka ce ka cire abin da ka tabbata gaskiya ne. Misali mai gari ya ce babin da ya nuna ana hana mata gadon gona ya ɓata sunan garin. A nan ba dole ka cire ba, don matan da suka gaya maka su ma suna bin ka nasu bashin, kuma ba su ne ke zaune a zauren ba. Abin da ya wajaba shi ne ka sake duba hujjarka, ka ƙara ɓoye abin da zai sa a gane su, sannan ka rubuta a cikin memwar ɗin cewa an karanta wa mutanen garin wannan babi, wasunsu ba su yarda ba, ga kuma dalilin da suka bayar.